Filtar waje a motar rairayi: kurakuran zuba baƙin mai da ɗaura tiyo

Galibin motocin nan na hawan tudun rairayi injin Volkswagen Beetle ne a bayansu, wanda iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Daga kamfani injin bai zo da filta ba, 'yar raga ce kawai a ƙasansa. Ga mai shiga jejin Gure ko Tanut a Nijar, cikin ƙurar hunturu, ragar nan ba ta isa ba. Shi ya sa ake ɗaura filta a waje: tiyo ɗaya ya kai mata mai daga murfin famfon mai, ɗaya ya mayar da shi cikin inji.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba lita 2.5 kamar yadda aka saba, a zaro sandar awo, a ga mai ya kai layi, a ce an gama. Awon nan ƙarya yake yi. Filta da tiyo biyu duk wayam suke, da zarar inji ya tashi za su sha rabonsu, abin da ya rage a ƙasa ya yi kaɗan. Gyaran shi ne ka cika filtar da mai kafin ka ɗaura ta, in dai bakinta sama yake kallo, ka shafa ɗan mai a robar bakin, ka ɗaure da hannu. Sannan ka cire wayar kwail, mai kai wa fulogi wuta, don kada inji ya tashi, ka yi ta murza makulli kaɗan-kaɗan har jar fitilar mai ta mutu. Mayar da waya, tada inji ya yi 'yan mintuna, kashe shi, bari mai ya sauko, sai ka sake awo a wuri mai daidai, ba a gefen tudu ba. Wannan awon na biyu shi ne na gaskiya. Kada kuma ka ce bari in ƙara don tsoro har ya wuce layin sama, kumfa zai yi, ya riƙa tsiyaya ta bayan fuli, wato faifan da bel ke zagayawa a kai.

Sai musanya tiyo. A jikin mazaunin filta an rubuta IN (shiga) da OUT (fita). Wanda ya fito daga famfo shi ke shiga IN. In aka juya su, robar da ke hana mai komawa baya a cikin filta za ta tare hanya, inji ya yi ta juyawa a bushe, ko filtar ta kumbura ta fashe. Tun kafin ka kwance, ɗaura wa tiyon famfo ɗan jan ƙyalle.

Irin tiyon ma abin dubawa ne. Wani yaron gareji zai ruga Kasuwar Dole ta Damagaram ya kawo na ruwa, ya ce ai duk tiyo tiyo ne, maigida. Ba haka ba ne. Na ruwa yana laushi in mai mai zafi ya ratsa shi, ka matsa shi da yatsa ka ji kamar dafaffiyar taliya. Nemi wanda aka yi don baƙin mai, mai faɗin ciki wajen milimita 13, ka bar masa ɗan sassauci saboda girgizar inji, amma kada ya karye a kwana.

Inda ya bi kuwa, nan ake asarar inji. A watan Afrilu zafin Damagaram kan haura digiri 40, ga salansa na ci. Tiyon da ya jingina da salansa ko ya kusanci bel ba zai daɗe ba, kuma in ya fashe kana gudu, famfo zai watsar da man duka kafin ka ankara. Ɗaure shi a jikin ƙarfen mota, ka sa guntun roba duk inda yake gogar kaifi. Kafin ka kwance kowane baki, wanke rairayin da ya manne a wurin, ka toshe bakin da leda mai tsabta.