Yadda za ka je Gashaka Gumti ka ga dabbobi, ba ka dawo da cizon ƙuda kawai ba

Mutane da yawa suna zuwa Gashaka Gumti da tunanin Yankari ne, wai a zauna a mota dabbobi su zo bakin hanya. Ba haka wajen yake ba. Shi ne gandun dajin ƙasa mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa har iyakar Kamaru, kuma ɓangaren kudu kurmi ne mai duhu da tsaunuka, dabba tana ganinka kai ba ka ganinta.

Da farko lokaci. Ka je tsakanin Disamba da Maris, da damina koguna suna cika hanya ta lalace, kar ma ka fara. Daga Jalingo ka bi ta Bali zuwa Serti, nan hedikwatar take, nan za ka biya kuɗin shiga a haɗa ka da ma'aikacin daji da zai raka ka. Ka riƙe tsabar kuɗi a hannu don a ciki netwok sai a hankali, kuma in ƙaramar mota ce da kai gara ka barta a Serti ku haɗa kuɗi ku ɗau haya ta mai ƙarfi, ya fi sauƙi a kan kuɗin bakanike.

To ga inda na ga yawancin baƙi suna faɗuwa, wato shigar dajin kanta. Za ka ga mutum ya tashi ƙarfe tara, ya tsaya shan shayi, ya saka shadda mai shuɗi ya fesa turare, su biyar suna tafe suna hira da ƙarfi ɗaya ma da waƙa a waya, in sun dawo su ce ai babu komai a dajin. Akwai mana! Dabbobi da sassafe suke motsi sai kuma yamma lis, rana na take sun shige inuwa. Kana idar da sallar asuba ka fita. Kar ka sa baƙi ko shuɗi, ƙudan tsando waɗannan launukan yake bi kuma cizonsa yana ratsa riga mara kauri, ka nemi ruwan ƙasa ko kore, dogon hannu, ka cusa ƙafar wando cikin safa. Turare a barshi a jaka. Silifas kuma ni a wajena haramun ne a wannan tafiya, kambas mai kama ƙasa kawai. Ma'aikacin yana gaba kuna baya, in ya ɗaga hannu ku tsaya cak, kar wani ya ce menene, sau da yawa karyewar reshe ya ji a sama, ka ɗaga kai a hankali sai ka ga birin nan baƙi da fari mai dogon jela yana tsallaka bishiya.

Biri mai ganga, wato chimpanzee, wanda saboda shi masu bincike suka zauna a Kwano, wani sansani a cikin dajin, kar ka sa rai sosai. Abun da aka fi samu shi ne ka ji ihunsu da dukan saiwar bishiya daga nesa, ko ka ga gadon ganye da suka yi a sama suka kwana. Gwaggon biri kam za ka gani har ka gaji, kar dai ka ba su abinci. Dorina tana kogin Kam, daga nesa ake kallonta. Ɓauna da gyado sai sa'a, tsuntsaye kuma sun fi kala 500.

Sauran ba wuya, gidan sauro, tocila, ruwan sha, maganin zazzaɓi. In kana son hawa Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, wanda ya fi kowane tsauni a Najeriya, wannan tafiyar kwanaki ce a ƙafa da 'yan dako, ka tsara ta daban tun a Serti, ka kuma tambayi halin tsaron hanya kafin ka baro gida.