Yadda Za a Koyar da Darasin Duwatsun Harsashin Haikalin Sulemanu

Duk wanda ya taɓa yin gini a Garwa, musamman a unguwannin da ke kusa da kogin Binuwai, ya san cewa damina ce ke tona asirin magini, domin bango yana iya yin kyau duk tsawon rani, amma da zarar ruwan Agusta ya sauka sai tsaga ta taso daga ƙasa ta haura sama. Wannan sani da mutanenmu suke da shi babban jari ne ga mai bishara ko malamin makarantar Lahadi da yake son koyar da batun harsashin Haikalin Urushalima. Roƙona ga masu koyarwa shi ne a fara nuna duwatsun kamar yadda suke, sannan a bar Sabon Alkawari ya faɗi ma'anarsu da bakinsa.

Aikin farko shi ne karatu a gida. Mai koyarwa ya karanta 1 Sarakuna sura 5 da sura 6 gaba ɗaya, ba ayar da yake so kaɗai ba. A 5:17 ne aka ce sarki ya ba da umarni a haƙo manyan duwatsu masu tsada, a sassaƙe su domin kafa harsashin ɗakin Ubangiji. Ayoyin da suka gabace ta sun ambaci masu ɗaukar kaya 70,000, da masu fasa dutse 80,000, da shugabannin aiki 3,300, ban da mutum 30,000 da aka tilasta wa zuwa Lebanon bi da bi. Kada a ɓoye wannan tilas, domin a sura 12 jama'a sun kai wa Rehobowam ɗan Sulemanu kuka a kan nauyin da mahaifinsa ya ɗora musu. Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu a nan Kamaru, inda ake zuwa aji da Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Fulatanci da na Faransanci. Wasu fassarorin Faransanci suna bin lissafin ayoyi na Ibrananci, saboda haka ayar da take 5:17 a hannunka tana iya zama 5:31 a hannun ɗan'uwan da ke gefenka. A faɗi wannan tun farko.

Bayan karatu sai awo, kuma nan ne nake ganin ya kamata a ba da lokaci sosai. Kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsa, ya kai kimanin santimita 45. Haikalin yana da tsawon kamu 60 da faɗin kamu 20, wato kusan mita 27 da mita 9. A samo igiya da turaku huɗu, a fita harabar majami'a, a sa matasa su auna wannan fili a gaban kowa. Yawanci mutane kan yi mamaki da suka ga cewa ginin da ya ci shekara bakwai, daga shekara ta huɗu ta sarautar Sulemanu zuwa ta goma sha ɗaya, bai fi wasu majami'unmu girma ba. Sannan a auna kamu goma a ƙasa, mita huɗu da rabi ke nan, a ce musu wannan tsawon dutse ɗaya ne. Amma a yi gaskiya game da inda adadin ya fito: duwatsu masu kamu goma da kamu takwas na 1 Sarakuna 7:10 suna cikin bayanin gine-ginen fadar sarki ne, kuma muna kawo su ne domin a gane irin dutsen da maginan Sulemanu suke aiki da shi. Haka kuma hotunan katafaren bangon yamma na harabar Haikali a Urushalima da ake gani a waya, wanda akwai dutse a jikinsa da ya wuce mita 13, aikin zamanin Hirudus ne, ƙarnuka da yawa bayan Sulemanu. Haikalin farko dai sojojin Nebukadnezzar ne suka ƙone shi wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu.

Idan a cikin aji akwai wanda ya fito daga duwatsun Mandara, wajen Mokolo, a ba shi dama ya bayyana yadda ake jera dutse a kan dutse a gonakin kan tudu ba tare da siminti ba. Zai gaya muku cewa babban dutse ne ake sa wa a ƙasa, ana jujjuya shi har sai ya zauna bai motsi, kuma idan na ƙasa ya karkata, duk na sama sai sun bi shi. Bayanin minti biyar daga bakin irin wannan dattijo ya fi dogon jawabi shiga zuciya.

Sai yanzu ne za a buɗe ƙofar fassara, kuma a bi ta a jere. Ishaya 28:16 ya yi maganar dutse gwadajje mai daraja da Allah zai kafa a Sihiyona, Zabura 118:22 kuma ta yi maganar dutsen da magina suka ƙi, wanda ya zama dutsen kusurwa. Yesu ya ɗauki wannan zabura ya yi magana da ita a kan kansa a cikin Haikali, kamar yadda yake a Matiyu 21:42, Bitrus kuma ya maimaita ta a gaban majalisa a Ayyukan Manzanni 4:11. Dutsen kusurwa shi ne wanda ake ja igiya daga kansa, bango biyu su sami saiti da shi. Wannan ne zuciyar darasin, kuma fahimtar Kirista ta tsaya a kansa: Almasihu ne harsashi, masu bi kuma rayayyun duwatsu ne da ake ginawa a kansa, kamar yadda 1 Bitrus 2:4-5 ta koyar.

Mai koyarwa ya shirya wa tambaya ɗaya da kusan kullum takan taso. Wani zai ce, "Malam, Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 3:11 babu wani harsashi sai Yesu, amma a Afisawa 2:20 ya ce an gina mu a kan harsashin manzanni da annabawa, to wanne za mu ɗauka?" Amsar tana cikin ayar Afisawa ɗin kanta, domin ta ƙara da cewa Almasihu Yesu ne dutsen kusurwa. Manzanni su ne sahun farko da aka jera, amma ba su ne suka ba ginin saitinsa ba, shaida suka bayar game da wanda suka gani.

Akwai aya guda da take bukatar taka tsantsan, wato 1 Sarakuna 6:7, inda aka ce tun a wurin haƙa aka gama sassaƙa duwatsun, har ba a ji ƙarar guduma ko gatari ko wani kayan ƙarfe ba a wurin ginin. Malaman ikilisiya na dā sun ga hoton rayuwar mai bi a nan, cewa duniya ce wurin sassaƙa, kuma wahalar da ake sha tana gyara mutum domin gurbinsa a gidan Allah. Tunani ne mai sanyaya zuciya, ni ma ina koyar da shi, amma a gaya wa jama'a a fili cewa tunanin malamai ne, ayar ba ta faɗi haka kai tsaye ba. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a mai da duwatsu masu tsada su zama masu ba da baiko mai yawa a ranar tara kuɗin gini, domin gwauruwar da ta kawo buhun yashi ɗaya za ta koma gida tana jin cewa ita tsakuwa ce kawai.

A rufe aji da Ezra 3:10-13, ranar da waɗanda suka dawo daga bauta a Babila suka kafa harsashin Haikali na biyu a ƙarƙashin Zarubabel. Tsofaffin da suka ga ɗakin farko suka fashe da kuka, sauran jama'a suna sowa, har ba a iya bambanta muryar kuka da ta murna ba. A bar ɗaya daga cikin iyayenmu mata ta karanta wannan wuri a hankali, a yi addu'a ana tsaye cikin filin da aka auna, sannan matasa su cire turakun su naɗe igiyar.