Kurakuran da aka fi yi wajen sauya rediyon jirgin ruwa, da yadda ake gyara su

Wanda ya taɓa sa rediyo a mota yakan ɗauka na jirgin ruwa ma haka yake: a ciro tsohuwar, a haɗa waya da waya, a tura sabuwar cikin ramin. Wannan sabo da aikin mota shi ne tushen yawancin ɓarnar da ake yi. Mota tana da jikin ƙarfe da wuta take komawa ta cikinsa, tana da rufi, kuma idan batirinta ya mutu sai ka sauka ka nemi masu turi. A kan ruwa babu wannan. Shi ya sa nake ɗaukar aikin da muhimmanci, ko da yake kiɗa kawai ake nema.

Bari in fara da wayar da ta fi kowace yaudarar mutane, wato rawaya. A bayan rediyo irin ta mota, rawaya ita ce mai ɗauko wuta daga batir dare da rana, ja kuma mai wuta ce idan an murɗa makulli, baƙa ita ce negatib. Kowa ya haddace wannan. To amma a jiragen da aka ƙera bisa ƙa'idar ABYC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa a Amurka, negatib ɗin batir yana iya zama baƙi, yana kuma iya zama rawaya. Dalilin shi ne a wutar gida ta Amurka baƙar waya ce mai ɗauke da wuta, kuma jirgin da ake jona wa wutar tasha yana da irin wannan baƙar wayar a cikinsa, sai aka zaɓi rawaya don kada a rikita su. Ka ga ke nan mai bin launi zai ɗauki rawayar rediyo, wadda fozitib take nema, ya ɗaura ta a kan negatib ɗin jirgi. Idan ya yi sa'a, rediyon ta ƙi tashi kawai. Idan kuma ya taɓa jin ana cewa a haɗa ja da rawaya wuri ɗaya, ya je ya murɗe jar jirgi da rawayar jirgi, to ya haɗa fozitib da negatib kai tsaye. Fiyus zai tashi nan take, in akwai fiyus ɗin. In babu, waya ce za ta fara hayaƙi.

Maganin wannan ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Kafin ka taɓa tsohuwar rediyon, ɗauki hoton bayanta da wayar hannu. Sa mitar gwaji a ma'aunin wutar batir, ka ɗora baƙin tsinkenta a kan negatib, ka bi wayoyin jirgin ɗaya bayan ɗaya, makunni a kunne, sannan a kashe. Wadda ta nuna bolt 12 da ɗoriya, fozitib ce, ko wane launi gare ta. Liƙa wa kowace ɗan salatif ka rubuta aikinta. Bayan nan sai ka cire kan batir, negatib tukuna, kafin ka yanke ko da waya ɗaya. Jirgin da ya shekara goma a hannun mutane daban-daban, kowa ya yi nasa ƙarin da wayar da ta zo hannunsa, don haka launi ba shaida ba ne. Kuma tun da mita tana hannunka, tabbatar da cewa wutar jirgin bolt 12 ce, domin wasu manyan jirage 24 suke amfani da ita, kuma rediyon 12 ba za ta rayu a kanta ba sai da na'urar rage wuta.

Ita kanta rawayar rediyon, a ina ya kamata ta zauna? Nan ma ana samun ƙorafi iri biyu. Wani ya ce kullum ya kashe babban makunnin batir sai rediyo ta manta tashoshinta da agogonta. Wani kuma, don gudun haka, ya kai rawayar kan batir kai tsaye, ya bar jirgi makonni ba a taɓa shi ba, ya dawo ya tarar batir ya yi sanyi, domin rediyon tana shan wuta kaɗan-kaɗan ko a kashe take. Ni dai ra'ayina, gara a sa ja da rawayar rediyo duka a bayan makunnin batir. Sake saita tasha minti biyu ne, batirin da ya ƙi tayar da inji kuwa ya ɓata maka yini. Da yawa daga cikin rediyoyin da aka ƙera don jirgi suna riƙe tashoshinsu ko an yanke wuta, don haka duba littafin da ya zo da taka kafin ka wahalar da kanka. Idan jirgin yana da batir biyu, na tayar da inji da na sauran kaya, rediyo a kan na biyun take zama.

Sai maganar negatib. A mota sai ka sami noti a jikin ƙarfe ka ɗaure baƙar wayar, shi ke nan. Jikin jirgin faiba ko na katako ba ya ɗaukar wuta, don haka sukurun da ka ɗaure ta a kai bai kai ta ko'ina ba. Jirgin alminiyam ko na ƙarfe kuwa yana ɗauka, rediyo za ta yi aiki lafiya lau, kuma nan haɗarin yake: wutar da ke yawo a jikin jirgi cikin ruwa tana cin ƙarfen sannu a hankali. Baƙar wayar ta tafi wurin da duk negatib ɗin jirgin suke taruwa, kuma kaurinta ya zama daidai da na fozitib.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan aiki shi ne haɗin waya. Na taɓa buɗe bayan wata rediyo da mai ita ya rantse ta lalace, na tarar an murɗe wayoyin da hannu an naɗe da salatif. Da na ja salatif ɗin sai ya zame kamar an shafa masa mai, ruwa ya ɗigo daga ciki. Na feɗe robar wayar, tagullar ta yi baƙi ƙirin, na ƙara feɗewa tsawon yatsa, har yanzu baƙa ce, ga wani koren gari a tsakanin zaren. Danshi yana shiga ta bakin waya ya riƙa tafiya a ƙarƙashin roba, balle a ruwan gishiri. Rediyon ba abin da ya same ta. Waya ce ta mutu.

Wayar jirgi ta kirki mai zare da yawa ce, kuma kowane zare an lulluɓe shi da kuza, shi ya sa za ka gan ta fari-fari kamar azurfa maimakon ja. Wayar gini mai sanda ɗaya ba ta da wuri a jirgi, girgiza za ta karya ta. Hulunan roba da ake murɗawa a kan haɗin waya a gidaje su ma ƙa'idar ta hana su. Abin da ake so shi ne mahaɗin da ake matsewa da fulayarsa ta musamman, mai rigar roba da ke tsukewa idan an hura mata zafi har gam ɗin ciki ya ɗan leƙo ta baki. Idan ka matse, ja shi da ƙarfi. Wanda zai zame, gara ya zame a hannunka. Walda da dalma kaɗai ba ta isa ba, domin tana sa waya ta sandare, sai ta karye daidai inda dalmar ta tsaya. Kuma ka bar wa waya ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa bayan rediyo, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige a can.

Kaurin waya ma ana raina shi. Ana auna nisan da ke tsakanin batir da rediyo a manta cewa wuta zuwa take yi ta dawo: nisan mita 5, tafiyar mita 10 ce. Alamar siririyar waya sananniya ce. Rediyo tana aiki sumul da ƙaramin sauti, da ka ƙara murya ganga ta buga, sai fuskarta ta dushe ko ta ɗauke ta sake tashi. Kada ka auna wuta a kan batir ka ce lafiya. Cikakken batir yana nuna wajen 12.6, amma abin tambaya shi ne nawa ke isa bayan rediyon lokacin da take kiɗa da ƙarfi. ABYC ta yarda wuta ta ragu har kashi 10 cikin 100 ga kayan da ba na tsaro ba, kashi 3 ga irin su fitilun tafiya. Idan ragin ya wuce haka, ko waya ta yi siriri, ko akwai haɗin da ya ruɓe a hanya.

Fiyus kuwa, waya yake tsarewa. Wanda ke bayan rediyo ba zai hana dogon layin da ya taso daga batir kamawa da wuta ba idan ya goge a wani wuri. Ana son fiyus kusa da inda aka ɗauko wutar, cikin inci 7, wato kamar santimita 18. Idan ya ƙone, kada a sa wanda ya fi shi girma, a nemo abin da ya ƙona shi. Kuma don Allah kada a ɗebi wutar rediyo daga layin famfon da ke kwashe ruwa daga cikin jirgi, ko na fitilun tafiya, don kawai shi ne mafi kusa.

Lasifikoki suna da nasu tarkon. A wasu tsofaffin jirage an haɗa negatib ɗin lasifikoki a waya ɗaya. Rediyoyin yanzu ba sa yarda da haka, kowace lasifika wayoyinta biyu ne nata na kanta, kuma ba a kai ko ɗaya daga cikinsu kan negatib ɗin batir. Wanda ya yi amfani da tsohon layin ba tare da ya duba ba zai ji sauti yana kakkarewa, ko rediyo ta kunna ta yi shiru, wani lokaci ma abin ƙara sautin da ke cikinta ya ƙone. Haka nan masu ƙara lasifika: yawancin rediyoyi om 4 (ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta) suke so a kowane layi, idan ka haɗa biyu masu om 4 a layi ɗaya, fozitib da fozitib, negatib da negatib, sun koma om 2, sai rediyo ta yi zafi ta riƙa ɗaukewa. Mai son lasifika shida ko takwas, amfilifaya zai nema, wato na'urar ƙara sauti ta daban.

Idan kuma sauti yana fita amma ba shi da nauyi, kamar daga cikin gwangwani, wataƙila an juya wayoyin lasifika ɗaya. Ɗauki ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5, ka taɓa wayoyin biyu da shi na ɗan lokaci kana kallon fuskar lasifikar. Idan ta turo waje, wayar da ke kan fozitib ɗin batirin ita ce fozitib. A yi wa dukkansu haka su zama iri ɗaya.

Akwai wanda ba a cika tunawa da shi ba, kuma ya fi duk waɗannan nauyi. A bayan kowace lasifika akwai maganaɗisu, kamfas ɗin jirgi kuma maganaɗisu yake bi. Kafin ka huda rami, riƙe lasifikar a wurin da kake son sa ta, wani ya tsaya yana kallon kamfas. Idan ya motsa ko kaɗan, canja wuri. Nisan mita ɗaya shi ne abin da aka saba shawarta, amma idon mai kallo ya fi awo. Kuma kafin zarto ya shiga bango, leƙa bayansa da tocila, domin bututun mai da tarin wayoyi a irin waɗannan lunguna suke bi. Ɗakin inji mai fetur ba wurin ajiye amfilifaya ba ne: tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwanciya, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Kukan da ake ji a lasifika yana tashi da sauka tare da gudun inji, daga altaneta yake, wato na'urar da ke cajin batir idan inji yana aiki. Galibi yana shigowa ne idan rediyo da amfilifaya ba a wuri ɗaya suka ɗauki negatib ba, ko kuma an ɗaure wayoyin sauti tare da na wuta a dami ɗaya. Mayar da negatib ɗinsu wuri guda, ka raba hanyoyin wayoyin, inda ya zama dole su haɗu su gitta juna su wuce. Ana sayar da 'yar na'urar tace wannan kuka, amma sai an gyara waɗancan biyun tukuna nake yarda a sa ta.

Rashin kama tasha yakan kai mutum ga eriyar rediyon sadarwa ta VHF, tun da ga ta nan a tsaye. Kada a jona kai tsaye. Waccan tana aika magana da ƙarfin da ya kai wat 25, rediyon kiɗa ba za ta jure ba. Ko a sa mata tata eriyar, ko a nemi mahaɗin da aka ƙera musamman don raba eriya ɗaya tsakaninsu.

Game da ruwa, karanta abin da aka rubuta da kyau. Akwai lambar da ke nuna juriyar rediyo ga ruwa: IPX5 feshi take jurewa, IPX7 tana jure ɗan nutso, kuma a rediyoyi da yawa fuskar kaɗai ake nufi, bayan a buɗe yake. Rediyon mota tana iya daɗewa a cikin ɗakin jirgi mai rufi, amma a filin da rana da feshi suke dukanta ba ta kai labari.

Idan an gama haɗi, kada a yi saurin ɗaure sukurori. Bar rediyon a waje tana reto, mayar da kan batir, ka kunna. Idan ba ta tashi ba, mitar gwaji ce za ta fara magana: wuta a ja, wuta a rawaya, sannan negatib, sannan fiyus. Idan ta tashi babu sauti, cire duk lasifikokin ka riƙa mayar da su ɗaya-ɗaya har ka gano wadda ke sa ta yin shiru, kuma idan akwai amfilifaya duba shuɗiyar waya mai ratsin fari, ita ce ke tashe shi. Daga nan tayar da inji, ƙara masa gudu kana saurare. Kunna fitilu da famfo. Sake duba kamfas. Sannan ka kai sauti inda ka saba ji, ka kunna VHF a tasha ta 16, wadda ake kiran neman ɗauki a kanta, ka tabbatar kana jin ta daga wurin tuƙi kafin ka ɗauko sukundireba.