Kafin ka sayar da filin gado don tafiya karatu waje, ka ɗan karanta wannan

Tun da ƙanina ya tafi Ingila yin mastas kusan duk sati sai an tare ni a ƙofar masallaci nan Agege, Malam ya ake yi ne, yaron wajena ma yana son fita. To na gaji da bayani a tsaye bayan isha'i sauro na cizona, shi ya sa na ce bari in rubuta kawai.

Abin da nake fara gaya wa kowa shi ne ka fara lissafinka daga ƙarshe. Kafin ka zaɓi makaranta ka bincika in ka gama ƙasar za ta bar ka ka yi aiki ko a'a, kuma na tsawon wane lokaci, don yawancinmu gaskiya ba takardar kaɗai muke nema ba, so muke a mayar da kuɗin da aka kashe. Ingila tun 2021 tana ba wanda ya gama digiri ko mastas bizar zama ya yi aiki shekara 2, mai dakta shekara 3, amma sun sanar cewa daga Janairun 2027 shekara biyun nan za ta koma wata 18. Kanada tana ba da izinin aiki da zai iya kaiwa shekara 3, sai dai ba kowace makaranta ko kowane kwas ke kai ka gare shi ba, kuma tun 2024 suka rage yawan ɗaliban da suke ɗauka. Jamus kuwa wata 18 take ba ka ka nemi aiki bayan ka gama, ga yawancin jami'o'in gwamnatinsu ba kuɗin makaranta sai ɗan abin da ake biya duk zango. Ni da za a mayar da ni shekara ashirin da biyar can zan nufa, amma fa sai ka zage ka koyi Jamusanci, in ba haka ba ka gama karatu da Turanci ka zo neman aiki ka ga ƙofofi a rufe.

Sai takardu. Fasfo ka yi shi da wuri, akwai ofis a Ikoyi da Ikeja da Festac. Amma kafin ka je ka baje takardunka duka a kan tabarma ka duba sunanka harafi harafi, wallahi wannan ƙaramin abu shi ya fi wahalar da mu Hausawa. Ƙanina a WAEC Mohammed ne, a satifiket ɗin jami'a Muhammad, a NIN kuma an sa sunan kakanmu a matsayin sunan mahaifi, sai da muka yi rantsuwar kotu muka buga canjin suna a jarida kafin abu ya daidaita, wajen wata biyu suka tafi a banza. Takardar sakamakon jami'a ma ka nema tun yanzu, namu sai da na tura mutum takanas har Arewa ya yi ta zarya ofis ofis kafin aka tura ta. Batun Turanci, jami'o'in Ingila da dama suna karɓar C6 na WAEC a madadin jarrabawar Turanci ta IELTS, ka tura masu imel ka tambaya kafin ka zubar da kuɗin jarrabawa.

Ejen kuma, ban ce duka macuta ba ne, amma neman gurbi abu ne da za ka yi da wayarka a shafin makarantar. Duk wanda ya ce kawo miliyan kaza zai samo maka biza tabbas, tashi ka kama gabanka.

Yanzu kuɗi, nan ne ake yin ta. Ingila in makaranta ta ba ka takardar tabbatar da gurbi da suke kira CAS, dole ka nuna ragowar kuɗin makaranta da kuɗin zama na wata 9 sun kwana 28 a jere a asusunka ko na iyayenka, in ko rana ɗaya kuɗin suka sauka ƙasa da adadin to an koma farko. Ga kuɗin lafiya fam 776 duk shekara da ake biya tun kafin a ba ka biza, ga gwajin tarin fuka a asibitin hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, da ke Ikeja. Jamus su kuma asusu za ka buɗe a kulle yuro 11,904 ana sakar maka kaɗan kaɗan duk wata. Shawarata ka yi lissafi da fam ko yuro, kada ka yi da naira. Waɗanda suka tafi kafin naira ta faɗi a 2023 sun ga ta kansu, mutum ya biya rabi yana tunanin sauran na nan a banki, kafin zango na biyu kuɗin sun zama ba su kai ko'ina ba. Kuma kar ka je wajen 'yan canji a ara maka kuɗi a zuba a asusu don a nuna kawai, ko bizar ta fito da me za ka biya haya in ka sauka? Ɗalibi a Ingila awa 20 kacal aka yarda ya yi aiki a sati lokacin karatu, Kanada 24, wannan abinci ne da ɗan ɗaki, ba zai biya kuɗin makaranta ba, duk wanda ya ce maka zai biya yaudararka yake.

Mai iyali ya sani tun Janairun 2024 Ingila ta hana masu mastas na aji tafiya da mata da yara, sai masu karatun bincike. In aljihu ba nauyi a gwada Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Ingila, suna biyan komai, amma suna son shekara 2 ta gogewar aiki kuma dole ka dawo gida na shekara 2 bayan ka gama. Akwai tallafin karatu na DAAD ta Jamus ma.

In Allah ya sa ka isa, kar ka bari sai ka gama kafin ka fara neman aiki. Mastas ɗin Ingila shekara ɗaya ce, kafin ka saba da sanyi an fara maganar rubuta kundi. Bizar bayan karatu ba a sabunta ta, kafin ta ƙare sai ka samu kamfanin da ke da lasisin ɗaukar baƙo, kuma sunayensu na nan a shafin gwamnatin Ingila kyauta, ka riƙa dubawa kafin ka ɓata lokacin cike fom. Wanda kuma ya yi digirin farko a waje zai dawo bautar ƙasa, sai Ma'aikatar Ilimi a Abuja ta tantance takardunsa tukuna, don haka ka tabbatar makarantar sananniya ce tun kafin ka biya sisi.

Af, kar Hajiya ta cusa maka kilishi a jaka, ba a shiga Ingila da nama. Na ƙanina a filin jirgin Murtala Muhammed muka ciro shi, ni da direba muka cinye a go-sulo kafin mu iso gida.