Yadda Ake Bin Diddigin Ɓarakar Tsaron Baya Bayan An Sha Kashi

Da zarar alƙalin wasa ya hura usur ɗin tashi, 'yan kallo sun riga sun yanke wa wani hukunci. Yawanci ɗan bayan da ya fi kusa da ƙwallo lokacin da ta faɗa raga ne, ko kuma gola. Mai nazarin wasa ba ya fara aikinsa daga nan, domin wanda aka ga ya faɗi a ƙarshe sau da yawa gadon matsala ya yi. An ɓata abin tun daƙiƙa goma sha biyar ko ashirin kafin ƙwallon ta iso gare shi, a wani sashe na fili da kyamarar talabijin ba ta ma nuna ba. Aikinka shi ne ka koma can baya ka gano inda igiyar ta fara tsinkewa, sannan ka tantance ko tsautsayin rana ɗaya ne ko kuwa ciwo ne da ke cikin tsarin ƙungiyar.

Kada ka zauna kan bidiyon a daren da aka yi rashin. Da ɓacin rai a zuciya, ido abin da ya riga ya yarda da shi kawai yake gani. Bari sai washegari.

Kayan aiki

Abu mafi muhimmanci shi ne bidiyon da aka ɗauka daga sama, wanda ke nuna 'yan wasa ashirin na cikin fili a lokaci guda. Hoton talabijin ƙwallo yake bi, kai kuwa waɗanda ba sa kusa da ƙwallo kake nema. Manyan ƙungiyoyi suna da tasu kyamarar, suna kuma amfani da manhajoji irin su Wyscout da Hudl wajen yanka bidiyo, da alƙaluman Opta ko StatsBomb. Wanda ba shi da waɗannan, kwamfuta da za ta iya tsayar da hoto da rage masa gudu, da takarda mai zanen fili, sun isa a yi aiki mai kyau. Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa: ka san umarnin da koci ya bayar kafin wasan. Idan lamba biyu, wato ɗan bayan dama, ya haura gaba aka kai hari ta bayansa, ba za ka iya cewa ya yi kuskure ba sai ka san ko an ce ya haura, da kuma wanda aka ɗora wa toshe gurbinsa.

Kallo na farko da na biyu

Kalli wasan gaba ɗaya sau ɗaya ba tsayawa, kana rubuta minti kawai a duk inda abokan hamayya suka yi barazana. Ba ƙwallayen da suka shiga kaɗai ba. Rubuta wadda ta bugi turke, da wadda gola ya ture, da wadda aka soke saboda satar gida ta ɗan taƙi, da harin da ya mutu don ɗan gabansu ya yi fasin mara kyau. A nan mutane da yawa ke yin sake. Ƙungiyar da aka ci biyu tana iya zama ta buɗe ƙofa sau goma, kuma takwas ɗin da ba su shiga ba sun fi bayyana ciwon, tunda su ne ke nuna abin da ke maimaita kansa.

A kallo na biyu sai ka ɗauki kowane hari ka mayar da bidiyon baya har zuwa lokacin da ƙungiyarka ta rasa ƙwallo, ko lokacin da abokan hamayya suka fara gina harin daga gidansu. Tsayar da hoton a wurare uku: daidai lokacin da aka rasa ƙwallon, lokacin da aka yi fasin da ya ratsa layin tsakiya, da lokacin fasin ƙarshe kafin a buga. A kowace tsayawa ka ƙirga 'yan wasanka nawa ne ke tsakanin ƙwallo da ragarku, abokan hamayya nawa ne a wurin, waye ya fi kusa da mai ƙwallo, da tazarar da ke tsakaninsu. Ka kuma duba ina fuskar kowane ɗan baya ta dosa. Wanda ya tsaya ƙafafu a jere yana fuskantar ƙwallo kai tsaye sai ya juya kafin ya fara gudu, ɗan gaba mai sauri kuwa ya riga ya ba shi mita biyu ko uku. Wanda ya tsaya a karkace, kafaɗa ɗaya na kallon ragarsa, a shirye yake.

Layin baya da matsin lamba

Nan ne gizo ke saƙa a mafi yawan wasanni. Doka ce mai sauƙi: idan an matsa wa mai ƙwallo har ba zai iya ɗaga kai ba, layin baya ya matso gaba. Idan mai ƙwallo ya samu sarari ya ɗaga kai yana fuskantar ragarku, layin ya ja da baya. Ɓaraka tana faruwa ne idan aka haɗa biyun a karkace, wato 'yan baya sun tsaya kusa da tsakiyar fili alhali babu wanda ya takura mai ƙwallo. Fili na ƙa'ida tsawonsa mita 105 ne, don haka layin da ya tsaya kusa da tsakiya ya bar fiye da mita 40 a bayansa, sai gola kaɗai a ciki.

A ranar 4 ga Oktoban 2020 Aston Villa ta ci Liverpool 7 da 2, Ollie Watkins ya zura uku. Wanda ya kalli wasan da idon nazari zai raba ƙwallayen gida-gida. Ta farko daga kuskuren fasin golan Liverpool Adrián ta fito. Uku sun bugi jikin 'yan Liverpool suka sauya hanya, wanda akwai rashin sa'a a ciki. Amma abin da ya yi ta maimaituwa shi ne 'yan Villa suna samun damar ɗaga kai su jefa ƙwallo bayan layin da ya matso sosai. Wannan na ƙarshen shi ne abin kai wa koci. Hawa da layi sama a kan kansa ba laifi ba ne: Saudiyya ta yi haka a gaban Ajantina a gasar cin kofin duniya ta 2022, aka soke wa Ajantina ƙwallaye uku saboda satar gida kafin hutun rabin lokaci, Saudiyya ta yi nasara da 2 da 1. Bambancin yana wajen tafiya tare. Mutum ɗaya ya makara da taku biyu, tarkon satar gida ya lalace, don haka a hoton da ka tsayar ka ja layi a kan ƙafar ɗan bayan ƙarshe ka ga wa ya rage a baya.

Sai tazara tsakanin layuka. An san koci Arrigo Sacchi da nacewa a AC Milan cewa kada tsakanin 'yan baya da 'yan gaba ya wuce mita 25 idan ba su da ƙwallo. Ba kowace ƙungiya ke iya wannan ba, amma idan tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya ya haura mita 15, lamba goman abokan hamayya, mai shirya musu hari, zai karɓi ƙwallo a nan ya juya. Daga nan ɗan bayan tsakiya, lamba huɗu ko lamba biyar, ya shiga tsaka mai wuya: ya fito ya tare shi ya bar rami a baya, ko ya tsaya a bar mutum ya auna raga. Don auna tazara a bidiyo, yi amfani da zanen fili. Babbar da'irar gola zurfinta mita 16.5 ne, faɗinta kusan 40, daga ɗigon tsakiya zuwa bakin da'irar tsakiya kuma mita 9.15.

Lokacin da aka ƙwace ƙwallo

Ƙungiyar da ke kai hari tana buɗewa, don haka daƙiƙu biyar zuwa takwas na farko bayan an ƙwace mata ƙwallo su ne mafi haɗari. Abin dubawa shi ne waɗanda suka rage a baya tun ana kai harin. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a fi 'yan gaban abokan hamayya da mutum ɗaya: sun bar biyu a gaba, ku bar uku, da lamba shida, ɗan tsakiya mai tsaro, a gabansu. Idan hoton ya nuna lamba biyu da lamba uku, 'yan bayan dama da hagu, duk sun haura a lokaci guda, lamba shida shi ma ya bi ƙwallo gefe, to ba sai ka nemi wani dalili ba. Ka kuma lura da inda ake rasa ƙwallon. Rasa ta a gefen fili kusa da tutar kwana abu ne mai sauƙi, rasa ta a tsakiya kana fuskantar ragarka kuwa kusan rabin ci ne.

Wasan Brazil da Jamus na 8 ga Yulin 2014 a Belo Horizonte, wanda Jamus ta ci 7 da 1, ya tara kusan dukkan waɗannan. Ɗan bayan Brazil Thiago Silva bai buga ba saboda dakatarwa. Thomas Müller ya ci ta farko a minti na 11 daga bugun kwana, babu kowa a jikinsa. Jamus ta yi ta bi ta ɓangaren Marcelo, ɗan bayan hagu na Brazil, wanda ke haurawa ya bar baya. Ta huɗu ta zo ne bayan Toni Kroos ya ƙwace ƙwallo a ƙafar Fernandinho a gaban da'ira, ta biyar kuma David Luiz ya baro wurinsa ya fito tarar ƙwallo aka wuce shi. Huɗu daga ciki sun shiga tsakanin minti na 23 da na 29. Wannan ma abin rubutawa ne: me ƙungiyar ke yi a mintuna biyar da ke bin bayan an ci ta? Wasu sukan ruɗe kowa ya fara bin ƙwallo shi kaɗai don ya rama.

Kuros da bugun tsaye

A kuros, fara da wanda ya bari aka bugo ta, sannan ka shiga cikin da'ira. Matsaloli biyu ne suka fi yawa. Na farko, ɗan bayan da ke can ɗaya gefen ya zuba wa ƙwallo ido, mutum ya sulale ta bayan kafaɗarsa zuwa turke na nesa. Na biyu, duk 'yan baya sun ruga bakin raga, aka mayar da ƙwallo baya wajen ɗigon fanareti inda babu kowa. Wannan ta biyun aikin 'yan tsakiya ne, ko da yake a talabijin 'yan baya ake gani a tsaye.

A bugun kwana da bugun tazara, tantance tsarin da ake bi tukuna: kowa da mutuminsa, kowa da yankinsa, ko gauraye. A tsarin mutum-da-mutum ka nemi wanda aka tare wa hanya da gangan don abokinsa ya kuɓuce. A tsarin yanki ka duba ko masu tsayuwa suna tsalle daga tsaye alhali abokan hamayya na zuwa da gudu. Bi ƙwallo ta biyu, wadda aka fitar da ka ta faɗo bakin da'ira, ka ga ko an ajiye mai jiran ta. Kada ka yanke bidiyon daga lokacin bugu, fara daga lokacin da ƙwallo ta fita. A Anfield, filin Liverpool, ranar 7 ga Mayun 2019, ɗan wasanta Trent Alexander-Arnold ya bugo kwana da sauri 'yan Barcelona ba su gama shiri ba, Divock Origi ya ci ta huɗun da ta fitar da su daga gasar zakarun Turai. Jifa ma haka: babu satar gida a jifa, kuma ƙungiyoyi da dama kan saki jiki a lokacin.

Alƙaluma

Ka yi amfani da su don gwada abin da idonka ya gani. Ma'aunin xG yana ƙiyasta yiwuwar kowane bugu ya zama ci, fanareti misali yana kusan 0.76. Idan an ci ku uku amma jimillar xG ɗin abokan hamayya bai kai ɗaya ba, ko dai sun yi bugun da ba a saba gani ba, ko a duba gola. Idan kuwa an ci ku ɗaya alhali sun tara kusan uku, tsaron ya fi yadda sakamakon ya nuna lalacewa. Yawan bugu shi kaɗai yaudara ne, domin goma daga mita 30 ba su kai biyu daga bakin raga ba. Haka yawan tare ƙwallo da ɗan baya ya yi: wani lokaci alama ce ta cewa kullum a makare yake isowa.

Wasa ɗaya ba ya isa a yanke hukunci. Ɗauko wasanni huɗu ko biyar na baya, har da waɗanda aka ci nasara, ka nemi irin wannan hoton. In ka same shi sau uku ko fiye, matsalar tsari ce. In sau ɗaya ne, mutum ya zame ko ƙwallo ta bugi ƙafa, rubuta ka wuce. Duba kuma lokaci: ɓarakar da ke bayyana bayan minti na 70 kaɗai tana nuni ga gajiya ko canjin 'yan wasa, maganinta daban da na wadda ke nan tun farkon wasa.

Kai rahoto

Kada ka kai wa koci matsaloli goma. Zaɓi biyu, in ta yi yawa uku, waɗanda suka fi maimaituwa kuma abokan karawa na gaba za su iya amfani da su. Kowace ka haɗa mata gajerun bidiyo uku ko huɗu na daƙiƙa 15 zuwa 20, ka sa guda ɗaya inda 'yan wasan suka yi abin daidai, don su ga cewa suna iyawa. Zaman kallo da 'yan wasa kada ya wuce minti 15 zuwa 20, bayan haka hankali ya tafi. Kuskuren mutum ɗaya a nuna masa shi kaɗai, kuma a fara da tambayarsa abin da ya gani a lokacin, domin sau da yawa amsarsa ce ke fallasa cewa babu wanda ya yi masa magana daga baya, ko kuma shi da abokinsa sun fahimci umarnin koci daban.

Kowace matsala ta tafi da atisayenta. In ramin bayan lamba uku ne, a shirya 'yan baya huɗu da lamba shida su fuskanci mahara shida a rabin fili, a fara kowane zagaye da lamba uku yana can gaba, a maimaita har sai lamba shida da ɗan bayan tsakiya na hagu sun san wanda ke fita gefe da wanda ke tsayawa ba tare da sun kalli juna ba. A wasa na gaba, wannan wurin za ka fara dubawa a bidiyo, ka ƙirga sau nawa aka bi ta nan da sau nawa aka toshe.