Idan mai kuɗi ya zo sayen kulob ɗinku, ga abin da za ku yi kafin ku sa hannu

Shekara tara na yi ina sakataren wani ƙaramin kulob a nan Katsina, wajen Ƙofar Marusa. Irin kulob ɗin nan ne da ma'aji ke yawo da kuɗin ƙungiya a aljihun gaba, ranar da za mu Funtuwa wasa kuwa sai an bi shagunan unguwa ɗaya bayan ɗaya kafin kuɗin mota su cika. Shi ya sa ranar da wani Alhaji ɗan kwangila ya zo daga Abuja, ya tsaya bakin fili bayan la'asar ya ce zai ɗauki nauyin yaran nan gaba ɗaya, ba wanda ya tambaye shi komai. Ya sauke riguna kala biyu, ƙwallaye goma da kwalin takalma. Koci har da ƙwalla. Bayan kaka biyu kulob ya koma wani gari da sabon suna, yaranmu uku da suka fi kowa iya taka leda suka bi shi, aka bar mu da yagaggiyar raga da littafin miniti. Ba zan kama sunansa ba, don bai saci komai ba, mu muka sa hannu.

Tun daga nan, duk wanda aka yi wa irin wannan tayi sai ya neme ni. Abin da nake gaya masu ke nan.

Ku fara da zama ku kaɗai, ba tare da baƙon ba, ku rubuta abin da kuka mallaka. Yawancinmu mun ɗauka ba mu da komai sai riguna, shi ya sa muke sayarwa da arha. Alhali kuna da suna, kuna da gurbinku a gasa, kuna da takardun yaran da kuka raina, wataƙila kuna da izinin amfani da fili. Gurbin nan kaya ne mai tsada. Wanda ke son shiga gasar ƙasa ta rukuni na uku (NLO) ko ta rukuni na biyu (NNL) ba tare da ya sha wahalar hawowa daga gasar jiha ba, gurbi yake nema ya saya, kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan: a 2015 Ifeanyi Ubah ya sayi Gabros ta Nnewi ya sa mata sunansa. Sannan ku duba, a takarda, wane ne mai kulob ɗin? Mu lokacin da muka duba, sai muka tarar rajistar da ke CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta sunan kasuwanci ce da sunan shugabanmu shi kaɗai. Ma'ana sa hannun mutum ɗaya ya isa a sayar da gumin mutum arba'in. Idan haka taku take, ku je ku mayar da ita kamfani mai hannun jari, a rubuta sunayen waɗanda suka kafa, tun kafin a fara maganar kuɗi.

Daga nan ku tambaye shi, cikin ladabi: "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, me kake nema a cikin wannan harka?" Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wani yara yake so ya kai waje ya sayar, wani gurbi yake so, wani kuma zaɓe ne ya ƙarato yana son hotonsa a ƙirjin riga. Akwai masu son ƙwallon tsakani da Allah, kuma ana gane su da aikinsu. Kunle Soname ya gina wa Remo Stars fili da makarantar horar da yara a Ikenne, ya sayi kaso mafi tsoka a Feirense ta Fotugal a 2015, ya yi ta haƙuri har Remo ta ci NPFL, babbar gasar Najeriya, a 2025. Shola Akinlade ya kafa Sporting Lagos a 2022, shekara ta zagayo ya sayi kashi 55 cikin 100 na Aarhus Fremad a Denmak, don yaransa su samu ƙofar shiga Turai. Duk kasuwanci suke yi, ba sadaka ba, amma kana ganin inda kuɗin suka shiga. Neman riba ba laifi ba ne. Wanda ya ce maku shi ba ya neman komai, shi za ku fi bincika. Ku tura mutum ya tambayi waɗanda ya taɓa hulɗa da su, ku nemi takardar banki da ke nuna kuɗin suna nan, kada ku yi cinikin biri a sama.

Samari za su kawo maku labarin Wrexham, kulob ɗin Wales da ke buga gasar Ingila, kowa ya san shi yanzu. Gaskiya ne 'yan fim biyu, Ryan Reynolds da Rob McElhenney, sun karɓi kulob ɗin a 2021 da alƙawarin zuba fam miliyan 2, kuma ya hau rukuni sau uku a jere. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kulob ɗin a hannun ƙungiyar magoya baya yake, sai da mutanen nan suka zauna suka yi masu bayani, aka kaɗa ƙuri'a, sannan aka miƙa. Ku kuma ku ba su labarin Bury, kulob ɗin da aka kafa tun 1885, ya ci kofin FA sau biyu. An sayar da shi fam ɗaya tak a ƙarshen 2018 saboda bashi, albashi ya gagara, a watan Agustan 2019 aka kore shi daga gasar Ingila.

Maganar kaso ita ce wurin da za ku fi daɗewa. A Jamus akwai dokar da ake kira 50+1, wadda ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun 'yan ƙungiya. Mu ba mu da ita, kuma in don gaskiya ne, da wuya mai kuɗi ya zuba miliyoyi ya yarda a fi shi ƙarfin murya. To, ku ba shi rinjaye in ya nace, amma kada ku sauka ƙasa da kashi 26 cikin 100. Dalili kuwa, a dokar kamfanoni ta Najeriya manyan shawarwari, kamar canza sunan kamfani ko gyara ƙa'idojinsa, sai da kashi uku cikin huɗu na ƙuri'a. Mai 26 yana iya cewa a'a. Mu kashi 10 muka riƙe, muna ta murna wai mu ma masu hannun jari ne, ashe ko dakatar da taro ba za mu iya ba. Ku kuma sa a rubuta cewa ba za a ƙirƙiro sabbin hannayen jari ba sai da yardarku, in ba haka ba 26 ɗinku zai wayi gari ya koma 5.

A cikin yarjejeniyar, ku ware abubuwan da ba a taɓawa sai kun amince: suna, launin riga, garin da ake wasa, da sayar da gurbi. Kada ku ce ai ba zai yi ba. Wimbledon an ɗauke ta daga Landan aka kai Milton Keynes a 2003, aka canza mata suna, magoya baya kuwa tun 2002 suka koma suka fara daga ƙasa da sabon kulob, AFC Wimbledon. Cardiff, da aka sani da shuɗi, mai ita Vincent Tan ya mayar da ita ja a 2012, sai 2015 ya haƙura bayan an sha rigima. Fili kuwa, in na makaranta ne ko na unguwa, kada sunansa ma ya shiga takardar.

Kuɗin da zai kawo, ku tabbatar an rubuta ko jari ne ko rance. Nan ne aka fi cutar ƙananan kulob. Mutum zai yi ta kashewa kuna ta godiya, ranar da ya gaji sai ya fito da lissafi ya ce bashi ne kulob ya ci. A buɗe asusun banki da sunan kulob, mai sa hannu biyu, ɗaya naku. A raba kuɗin kashi-kashi bisa kaka: rajista, alawus ɗin yara, mota da masauki, magani. Shi ma kasonsa ya riƙa shiga hannunsa gwargwadon abin da ya biya. Kuma kada ku yarda a ninka albashi sau biyar a kakar farko, don in ya janye ku za a tsare a bakin fili.

Sai maganar yara, wadda ita ce ainihin dukiyar. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin 100 a raba wa kulob ɗin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 16 zuwa sama tana kawo rabin kashi ɗaya. Yaron da ya yi shekara uku a hannunku, daga 16 zuwa 18, in aka sayar da shi yuro miliyan ɗaya, kuna da yuro 15,000, kuma duk sanda aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa haƙƙin yana nan. Ku tuna Ahmed Musa, daga Jos da Kano Pillars har Leicester a 2016 kan kimanin fam miliyan 16. Amma sai in sunan kulob ɗinku yana cikin tarihin rajistar yaron, saboda haka ku yi wa kowane yaro rajista a hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, ku adana lasin da takardar haihuwa. Kuɗin nan kulob ake biya, wanda ya sayi kulob shi zai karɓa, sai in kun rubuta cewa na yaran da kuka raina kafin zuwansa kuna da kaso. Idan ya ce shi kansa zai mallaki wani kaso na ɗan wasa, FIFA ta haramta wannan tun 2015. Idan ya ce zai fitar da ɗan ƙasa da shekara 18 waje, ku ce a'a, ku kira iyayen yaron.

Ranar sa hannu ku zo da lauyanku, ba na Alhaji ba, ko da karo-karo za ku yi ku biya shi. Ku gayyaci mai unguwa da wakilin hukumar ƙwallo ta jiha su shaida, a karanta takardar da Hausa a gaban kowa, har da koci da kyaftin. Sakin layi na ƙarshe da za ku nace a kai shi ne na rabuwa: in ya tashi sayarwa ku za a fara yi wa tayi, in ya yi wata shida bai biya abin da ya yi alƙawari ba, suna da gurbi su dawo hannunku. Mu ba mu sa wannan ba. Da muka sake haɗa yara bara, sai da muka nemi wani suna, muka koma rukunin ƙasa na gasar jiha, don tsohon sunanmu har yau yana cikin fayil ɗinsa a Abuja.