Kar ku jira sai yunwa ta kama ku a hanya

Jama'a masu gudu da tuƙa keke na dogon zango, mutuwar jikin nan da ke zuwa farat ɗaya, ƙafa ta yi nauyi, kai ya fara juyawa, yawanci ba rashin horo ba ne. Sukarin da jiki ya ajiye a tsoka da hanta, wato gilaikojin, shi ne ya ƙare. Ajiyar ba ta cika wuce minti 90 zuwa awa 2 ba idan ana aiki da ƙarfi.

In atisayen zai wuce awa ɗaya, fara ci tun wajen minti 30 zuwa 45, kaɗan-kaɗan, giram 30 zuwa 60 na kabohaidiret, wato sitaci ko sukarin da ke cikin abinci, a kowace awa. Ayaba matsakaiciya tana da kusan giram 25. Ruwa kuma kurɓa-kurɓa. In gumi ya yi yawa a haɗa da ɗan gishiri, domin ɗirkar ruwa zalla na iya rage sodiyom, wato sinadarin gishiri, a jini, kuma wannan ba abin wasa ba ne.

Da ka gama, ci shinkafa ko burodi tare da furotin giram 20 zuwa 30, ƙwai ko madara, musamman in gobe ma akwai fita. Sabon abu kuwa, a gwada shi lokacin atisaye, ba ranar gasa ba.